Gidan haya da kwamin ninƙaya: Shin mai gida zai iya cewa a'a?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, akwai wata haja da kasuwarta ke buɗewa a Instagram da TikTok: kwamin ninƙaya na roba, wanda ake hurawa a cika shi da ruwa a tsakar gida. Akwai ƙarami na yara, akwai babba mai ƙafafun ƙarfe da manya huɗu ko biyar za su shiga su sake. Masu sayarwa sun iya talla, kuma zafin yana taya su. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar NERC ta kai kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, kwana da esi ya zama sai wane da wane, ga kuma wutar ma ba kullum ake samunta ba.

Sai dai da yawa daga cikin masu sha'awar wannan kwami ba a gidan kansu suke zaune ba. Haya suke yi. A nan ne gardamar take tashi. Wani zai ce ai na biya kuɗin shekara cif, tsakar gidan tawa ce har wa'adina ya cika. Wani kuma zai ce gidan wani ne, ko ƙusa ba ka da ikon kafawa sai ka tambaya. To wa ya fi gaskiya?

Amsar a taƙaice ita ce: eh, a mafi yawan lokuta mai gida zai iya hana ka. Amma ikon nasa yana da iyaka, kuma abu biyu ne ke raba gardamar: irin kwamin da kake son sakawa, da abin da aka rubuta a takardar hayarku.

Me ka saya da kuɗin hayarka?

A Najeriya kowace jiha tana da dokarta kan haya, don haka babu doka ɗaya da ta game ƙasa baki ɗaya. Amma dokar haya ta Jihar Legas ta shekarar 2011 misali ce mai kyau, domin ta fayyace haƙƙin kowa dalla-dalla, kuma ta shafi ɗimbin 'yan uwanmu da ke haya a Agege da Idi-Araba da Mile 12.

Sashe na 6 na dokar ya ba ɗan haya haƙƙin zama cikin kwanciyar hankali: ba a kutsa masa cikin sirrinsa, ba a takura masa ba gaira ba dalili, kuma wurin da ya kama nasa ne shi kaɗai har ƙarshen wa'adi. Wannan shi ne hujjar masu cewa "na biya kuɗina". Amma da ka matsa zuwa sashe na 7, sai ka ga ɗaya gefen. A can aka ce ɗan haya ba zai canza fasalin gida ko ya ƙara wani abu a jikinsa ba sai da izinin mai gida a rubuce, sai dai in yarjejeniyarsu ta faɗi akasin haka.

Ka ga ke nan abin da kuɗin haya ya saya maka shi ne amfanin gida, gidan kuwa yana nan a hannun mai shi. A jihohin da kotunan shari'ar Musulunci ke sauraron irin waɗannan ƙararraki ma, maganar kusan ɗaya ce. Malaman fiƙihu sun ɗauki abin haya a matsayin amana a hannun ɗan haya: ya yi amfani da shi bisa sharaɗin da aka gindaya ko bisa abin da aka saba, in kuma ya wuce iyaka har aka samu ɓarna, shi zai biya.

Na haƙa daban, na hurawa daban

Idan kwamin na haƙa ne, wato a fasa intalok, a tona rami, a zuba kankare a liƙa tayil, to babu wani dogon turanci. Wannan canza fasalin gida ne ƙarara, kuma mai gida yana da cikakken ikon cewa a'a ba tare da ya ba ka dalili ba.

Akwai ma wani abin da ya fi hanin ciwo. Kotunan Najeriya suna aiki da wata tsohuwar ƙa'ida da muka gada daga dokar Ingila, wadda ke cewa duk abin da aka kafa a jikin ƙasa ya zama na mai ƙasar. An yi aiki da ita tun a shari'ar Francis da Ibitoye ta 1936, inda wanda ya yi gini a filin wani ba da izininsa ba ya tashi a tutar babu. Ma'ana, in ka kashe miliyoyi ka gina kwami a gidan haya, ranar da za ka tashi ba za ka naɗe shi ka sa a mota ba. Mai gida zai iya riƙe shi ya ƙara wa na bayanka kuɗi, ko ma ya ce ka cike ramin ka mayar masa da tsakar gidansa yadda ka same ta. Dokar Legas ta buɗe ƙofa ɗaya kawai: in mai gida ya amince a rubuce kafin ka yi aikin, sannan daga baya ya tashe ka, kana iya neman diyyar gyaran da ka yi. Ku lura da kalmomin nan biyu, "kafin" da "a rubuce".

Na roba kuwa labarinsa daban. Kayanka ne, kamar firji ko kujera, kana iya sace iskarsa ka ninke. Idan kai kaɗai ne a gidan, kuma takardar haya ba ta ce komai a kai ba, da wuya mai gida ya samu hujjar hana ɗan ƙaramin kwamin da yara ke wasa a ciki da rana a zubar da ruwan da yamma. Amma in takardar ta hana, to ta hana, domin ka sa hannu, kuma alƙawari kaya ne. In kuma gidan yawa ne, tsakar gidan ba taka ba ce kai kaɗai. Maƙwabciyarka da ke shanya a wurin da maƙwabcinka da ke ajiye babur duk suna da haƙƙi irin naka.

Ba duk hani ne mugunta ba

Mun saba ɗaukar masu gidajen haya a matsayin marasa tausayi, kuma wasunsu sun ci sunan. Amma a wannan batu bari mu yi lissafi tukuna.

Ɗauki kwami mai zagaye, faɗinsa mita uku, zurfin ruwansa santimita 60. Zai ci lita 4,200 da 'yan kai. Jarka mai lita 25 kusan 170 ke nan, ko tanki mai lita 2,000 guda biyu da ɗoriya. A gidan da bohol ɗaya ake rabawa, kuma karo-karo ake yi a sayi man janareto don jan ruwa, wa zai biya wannan? A watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya, 'yan ga-ruwa ke ƙara kuɗi?

Sannan lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Wancan kwamin ya haura tan huɗu, kuma kowane murabba'in mita na ƙarƙashinsa yana ɗauke da kilo 600. Ƙa'idar gini ta Birtaniya da injiniyoyinmu suka daɗe suna bi tana lissafa kimanin kilo 150 ne a murabba'in mita na ɗakin zama. Don haka wanda ya ɗora irin wannan kwami a baranda ko a saman bene don ya ɗauki bidiyo, da ransa da na mutanen ƙasa yake wasa. A ƙasa ma sai an duba: in a kan murfin sokawe aka girka shi fa? In an tashi zubar da ruwan, ina zai bi? Lita dubu huɗu a gindin katanga ba ƙaramin abu ba ne, musamman in ginin ƙasa ne a maƙwabta.

Ga kuma sauro. Ruwan da ya kwana ya wuni a rana babu kulorin, gidan haihuwar sauro ne, kuma daga ƙwai zuwa sauron da zai cije ka bai fi mako ɗaya zuwa kwana goma ba a lokacin zafi. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya.

Mafi girma duka shi ne ran yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro mai rarrafe ba ya buƙatar kogi, ruwan bokiti ma ya isa, kuma ba ya ihu. A gidajenmu da ƙofa ke buɗe, yaran maƙwabta na shiga suna fita, wa zai tsaya gadi awa ashirin da huɗu?

Can ƙasashen wajen ma ba sakaka ba ne

Da yawanmu daga bidiyoyin Amurka muke kwaso ra'ayin cewa ɗan haya sarki ne. Gaskiyar ita ce a Amurka abu ne da aka saba gani takardar haya ta hana kwamin ninƙaya kai tsaye. Dalili kuwa inshora ne da tsoron ƙara. Kotunansu suna da ƙa'idar da ke ɗora alhaki kan wanda ya bar abin da ke jan hankalin yara kuma yake da haɗari, ko da yaron shigowa ya yi ba izini. Hukumar CDC ta ƙasar ta ce nutsewa ce kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu.

A Faransa, tun dokar Janairun 2003, duk kwamin da aka haƙa a gida dole ya kasance da ɗaya daga cikin matakan kariya huɗu: shinge, ƙararrawa, murfi ko rumfa mai rufewa. Wanda ya ƙi, tarar tana iya kaiwa yuro 45,000. A jihar New South Wales ta Ostireliya kuwa, ko na roba ne, muddin zai iya ɗaukar ruwa mai zurfin sama da santimita 30, sai an kewaye shi da shinge. Mu a nan da wuya ka ji an tambayi mai kwami shinge, shi ya sa nauyin ya koma kan mai gida da ɗan haya su tsara wa kansu.

Inda ikon mai gida ya tsaya

Ikon hani ba lasisin cin mutunci ba ne. Mai gida ba shi da hurumin shigowa ya farke maka kwami da wuƙa, ko ya yanke maka ruwa da wuta, ko ya cire rufi, ko ya turo 'yan daba su watso kayanka waje. A dokar Legas, sashe na 44, korar ɗan haya da ƙarfi ko yi masa barazana don ya tashi laifi ne da ke jawo tarar da za ta iya kaiwa naira 250,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba.

Hanyar da doka ta sani ita ce notis, sannan kotu. A Legas da Abuja, in yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan shekara kuma wata shida. Bayan ya ƙare sai a ba shi wani na kwana bakwai da ke sanar da shi za a je kotu. Alƙali ne ke fitar da ɗan haya.

Amma kar wannan ya sa mu ɗaga kafaɗa. Ko mai gida bai iya korarka yau ba, yana iya ƙin sabunta maka haya in shekara ta zagayo. Duk wanda ya nemi gida kwanan nan ya san abin da hakan ke nufi: sabon kuɗin haya, la'adar dillali, kuɗin lauya, kuɗin ajiya na ɓarna, da motar kwasar kaya. Sanyin wata biyu bai kai wannan ba.

Matsalar ta wuce kwami

Ainihin ciwon shi ne yawancinmu ba mu da takardar haya. Rasit kawai dillali ke miƙo mana, wani lokacin ma hoton alat ne shaidarmu. Waɗanda aka ba takardar kuma ba sa karantawa, sai su sa hannu a shafin ƙarshe don ɗokin karɓar makulli. Yau maganar kwami ce. Gobe ta sola ce a kan rufi, ko huda bango don esi, ko haƙa bohol, ko kiwon kaji a bayan gida, ko mayar da falo ɗakin ɗaukar bidiyo. Duk tambayar ɗaya ce: wa ya ba da izini, kuma ina shaida?

Don haka kafin ka tura wa mai talla kuɗi, ɗauko takardar hayarka ka nemi inda aka yi maganar gyara da canje-canje. In babu takarda, rubuta wa mai gida saƙo ko da ta WhatsApp ne. Faɗi girman kwamin, inda za ka ajiye shi, ruwan wa za ka cika shi da shi, da inda za ka zubar. Ka ajiye amsarsa, domin "ba komai, je ka yi" na fatar baki ba ya zuwa kotu da ƙafarsa. In gidan yawa ne, yi magana da maƙwabta, musamman masu ƙananan yara. In an amince, kar a bar yaro shi kaɗai a ciki ko na minti ɗaya, kuma ƙaramin kwami a juye shi a kife da zarar an gama.

In kuma mai gida ya ce a'a, kuɗin shiga wurin ninƙaya na otal ranar Asabar ya fi kuɗin neman sabon gida sauƙi nesa ba kusa ba.