Kimiyya Ba Hadda Ba Ce, A Fara Gyara Daga Kwalejin Horon Malamai

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masana harkar ilmi, watau koyar da kimiyya ta hanyar bincike. Ma'anarta ba ta da wuya. Maimakon malami ya tsaya gaban allo ya yi ta zuba bayani yara suna kwafa, sai ya jefa musu tambaya, ya ba su abin da za su taɓa da hannunsu, su faɗi zatonsu, su gwada, su rubuta abin da suka gani, sa'an nan su yi gardama a tsakaninsu har a kai ga amsa. Duk jami'in ilmin da ka tara da wannan zance zai ce maka ai haka ya kamata, yana ma cikin manhaja. Amma ka leƙa ajin kimiyya a yawancin makarantunmu na gwamnati, abin da za ka tarar shi ne allo cike da rubutu, da yara suna maimaita abin da malam ya faɗa da ƙarfi kamar masu biya karatu.

In ka tambaya, amsa ɗaya ce: babu ɗakin gwaji, babu kayan aiki. Wannan gaskiya ne, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ni a ganina ciwon yana can inda ake horon malamin. Wanda aka koya wa kimiyya da shifta, da shifta zai koyar da ita, ko da kuwa an cika masa ɗaki da kwalabe.

Idan ba a manta ba, abin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Bayan da Rasha ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta firgita, ta zuba kuɗi wajen sake manhajar kimiyya a makarantunta. Ingila ma ta bi sahu da shirin Nuffield a 1962. Guguwar ta iso Afirka, kuma a birnin Kano ne aka yi taron 1965 wanda ya haifar da shirin koyar da kimiyya a makarantun firamare na ƙasashen Afirka. Ɗaya daga cikin darussan shirin da suka yi suna a kan ɗan ƙwaron nan ne da ke haƙa ramin tarko a cikin yashi yana kama tururuwa. In yaro ya tambayi malami yaya ƙwaron ke yin raminsa, ba a ba shi amsa, sai a ce ya je ya tambayi ƙwaron, watau ya zauna ya zuba masa ido. Ƙungiyar malaman kimiyya ta Nijeriya, STAN, wadda aka kafa a 1957, ita ma ta fito da littattafan kimiyya a haɗe a farkon shekarun 1970 bisa wannan ra'ayi.

To, me ya faru? A 1976 aka fara ilmin firamare kyauta, yara suka yi ambaliya cikin makarantu, aka shiga horon malamai na gaggawa. A shekarar ne aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Da aka shiga tsarin 6-3-3-4 a 1982, gwamnati ta sayo injuna da kayan koyon sana'a daga ƙasashen waje, da yawansu suka tsufa cikin akwatunansu saboda babu wutar lantarki, babu kuma malamin da ya san kansu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana kaya ba su koyarwa.

Bari in kawo misali, don kada a ce ina ta surutu a iska. Darasin asid da kishiyarsa alkali, ba na kotu ba, yana cikin abin da ake koya wa yaran ƙaramar sakandare. Yadda aka saba, malam zai rubuta cewa asid yana mai da shuɗiyar takardar litimas ja, yara su haddace, alhali yawancinsu ba su taɓa ganin takardar ba. Amma a ce malam ya shigo da ruwan zoɓo, ya rarraba cikin kofuna, ya ba wannan rukuni lemon tsami, wancan jiƙaƙƙiyar kanwa, wancan tsamiya, wancan ruwan toka, na ƙarshe ruwan sabulu. Kafin kowa ya zuba, sai ya faɗi abin da yake zato. Mai lemo zai ga jan ya ƙara haske, mai kanwa kuwa zai ga ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Nan take yaran za su raba kayan gida biyu da kansu. Wani mai ƙiriniya zai ce, to, in aka zuba lemo a kofin da aka sa kanwa fa? A bar shi ya zuba, ya ga launi ya komo. Yarinyar da ke ganin uwarta tana sa kanwa don kashe tsamin miyar yakuwa za ta gane ashe abin da ake yi a madafi ke nan kullum. Sai bayan wannan malam zai kawo sunaye da ƙa'idoji, har ya ƙara musu da cewa kalmar alkali daga Larabci ta fito, kuma asalinta tokar tsiro ce. Nawa aka kashe? Bai kai kuɗin alli ba.

Haka zancen randa. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, kuma me ya sa abin ya fi aiki da rani a kan lokacin damina? Ma'aunin zafi ɗaya ya isa aji ya yi mako yana bin wannan tambaya. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, da irin wannan lura ce ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Sai dai fa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Masu sukar wannan hanya suna da hujja, kuma bai kamata a toshe kunne ba. A jarrabawar PISA ta 2015, wadda aka yi wa yara 'yan shekara 15 a ƙasashe wajen 70, an ga cewa a yawancin ƙasashen yaran da suka ce ana yawan barinsu su yi bincike sun sami maki ƙasa da na waɗanda malami ke yi wa bayani kai tsaye, ko da yake masu binciken sun fi nuna sha'awar yin aikin kimiyya in sun girma. Nijeriya ba ta cikin jarrabawar, amma darasin ya shafe mu. In aka sakar wa yara kofuna aka koma gefe, wasa za su yi, su ɓata riguna, su tashi babu abin da suka ƙaru da shi. Bincike yana bukatar malamin da ya fi mai shifta sanin darasinsa, wanda ya san tambayar da zai jefa, ya san lokacin da zai yi shiru, ya kuma san lokacin da zai tsai da hayaniya ya yi bayani dalla-dalla. Ga kuma yawan yara. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya yara 35 a firamare, amma ajin da ke da ɗari ba abin mamaki ba ne a manyan garuruwanmu.

Wannan ne ya sa na ce a koma kwaleji. Saurayi ko budurwa za su yi shekara uku suna neman takardar NCE. Abin tambaya a nan shi ne, sau nawa a cikin shekarun nan aka ba su tambayar da ba a riga an gaya musu amsarta ba? Abin da aka fi sani shi ne lacca a babban zaure da takardun kwafi, har darasin da ke bayanin koyarwa ta hanyar bincike ma shifta ake yi, a haddace amfaninsa guda biyar, a zuba a jarrabawa. Aikin gwaji kuwa, in an yi, bin umarni ne kamar mai dafa abinci da littafi, kowa ya san lambar da ake so ya samu, in bai samu ba ya gyara. Ran da aka tura ɗalibi koyon aiki a makaranta, mai dubawa ya zo sau ɗaya ko biyu, ya duba tsarin darasi da tsabtar allo, ya sa maki ya tafi.

A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, aka ce 21,780 ba su ci ba. An yi ta cece-kuce a kan korarsu, amma ba a cika tambayar wa ya ba su takardun shaida ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba a rasa ƙoƙari ba. A 2006 aka fara shirin SMASE da taimakon ƙasar Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato, ana tara malaman da ke bakin aiki ana nuna musu yadda za su shirya darasi da kayan da ke kusa da su. Abin a yaba ne. Amma bitar mako biyu ba ta kankare abin da mutum ya sha tun daga aji ɗaya har kwaleji. Hukumar kula da kwalejojin ilmi ta ƙasa ita ce ya kamata ta sa doka, kada ɗalibin kimiyya ya karɓi takarda sai ya gudanar da bincike nasa na kansa daga tambaya har sakamako, ya kuma jagoranci yara na gaske sun yi nasu a gaban mai dubawa. Su kuma masu shirya jarrabawa su sani muddin hadda ce ke kawo maki, hadda malami zai koyar, ba zai jefa yaran mutane cikin faɗuwa don burge masana ba.

Akwai kuma batun harshe. Yaron da bai iya Turanci ba ba zai ɗaga hannu ya yi tambaya da shi ba, balle gardama. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida da Yarbanci, ya nuna ba su yi asarar kome ba, har a Turancin. A bar yara su yi muhawararsu da Hausa a kan kofin zoɓo, in ya so malam ya ba su kalmomin Turanci daga baya.

Iyaye kuma da nasu. Mu ne muke cewa matambayi ba ya ɓata, mu ne kuma muke kiran yaro mai yawan tambaya da mai tsaurin ido. Yaron da aka kwaɓe a gida sau goma ba zai buɗe baki a aji ba, ko da malam ya roƙe shi.