Akawu Gurgu Da Malami Makaho: Ina Ya Kamata A Sa Su?

A cikin watan Janairu na shekarar 2019 Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan dokar da ta hana a nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya. Dokar ta ce ma'aikatun Gwamnati su yi iyakar ƙoƙarinsu su ga cikin kowane mutum 100 da ke yi musu aiki, aƙalla 5 naƙasassu ne. Ta kuma ba da wa'adin shekara 5 don a gyara gine-ginen jama'a yadda gurgu da makaho za su iya shiga, wa'adin kuwa ya cika tun farkon 2024. A 2020 aka kafa hukuma ta ƙasa don ta sa ido a kan al'amarin. To, madalla. Amma fa doka ba ita ke rubuta takardar canjin wurin aiki ba, ba ita ke tsara jadawalin darussa ba. Ku malaman ofis da shugabannin makarantu, wannan aiki a hannunku yake, saboda haka da ku za mu yi magana yau.

Mu da muka yi shekaru muna zagayen makarantu, mun lura da abu guda. Ba safai aikin kansa yake gajiyar da ma'aikaci naƙasasshe ba. Abin da ke cinye ƙarfinsa shi ne wahalar da yake sha kafin ya kai ga aikin. Mun taɓa tarad da wani malamin lissafi wanda shan inna ta shanye masa ƙafafu tun yana yaro, an ba shi aji a saman bene. Kullum safiya sai ya bar kekensa a ƙasa, ya hau matakala da hannu, yara suna tsaye suna kallo. Kafin ya isa gaban allo rigarsa ta yi datti, numfashinsa ya ɗauke. Ba ya shan ruwa tun safe har a tashi, don makewayin malamai yana can bayan fili, ƙofarsa kuwa keke ba ya shiga. Shekara biyu yana haka, bai faɗa wa kowa ba, har ya fara tunanin ajiye aiki. Da muka tambayi hedimasta me ya hana a sauko da ajin ƙasa, sai ya ce wallahi abin bai taɓa faɗo masa a rai ba. Mun kuwa gaskata shi, ba mugun mutum ba ne. Rannan aka yi musayar ɗakuna biyu, ba a kashe ko kwabo ba.

Akwai kuma wani ciwo wanda ya fi wannan ɓoyuwa, watau tsoro. Malami ya ji kunnensa ya fara nauyi, ko akawu ya ga rubutun fayil ya fara yi masa hazo. Maimakon ya faɗa, sai ya ɓoye, don gudun kada a ce ya gaza a sallame shi. Mai nauyin kunne sai ya riƙa ɗaga murya, yara su tambaye shi abu ya amsa wani, su yi dariya, ya hasala ya ɗauki bulala. A rahoton ƙarshen shekara sai a rubuta masa "mai zafin rai". Akawun kuma sai ya riƙa kwasar aiki zuwa gida, ɗansa yana karanta masa da dare. Barci ya ƙaurace, ciwon kai ya zauna, iyali su rasa gane kansa. Alhali kuwa yanar ido aiki ake yi a cire ta, Asibitin Ido na Kano ma tun zamanin En'e yake wannan aiki. Hawan jinin ido kuwa, abin da ya ci ba ya dawowa, amma in an gano shi da wuri ana iya tsare abin da ya rage. Ɓoyon nan shi ke mai da ƙaramar lalura babba.

Wani laifin kuma namu ne, ga shi da kamar alheri. A ɗauki makaho aiki don a cika lissafi, sa'an nan a ce masa, "Malam, kada ka wahal da kanka, ka riƙa zuwa ƙarshen wata." Ko kuwa a ajiye masa benci a gindin bishiya ya wuni yana gaisawa da masu wucewa. Mu dai a namu ganin wannan sadaka ce aka sa mata rigar albashi. Mutumin da ya yi shekaru a kwaleji ya sami takardar shaidar malanta, ba don ya zauna a inuwa ya yi ba. Ranar ƙarin girma kuwa a ce ba a ga aikinsa ba. Ina za a gan shi, ba a ba shi ba?

Kada wani ya ce abin baƙo ne a ƙasar nan. Garuruwanmu sun daɗe da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, masu shari'a tsakanin mutanensu da tsara al'amuransu. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana ƙarami, amma waƙoƙinsa na Imfiraji an buga su littafi, ana karanta su a makarantu, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take koyad da rubutun makafi, wanda ake karantawa da yatsa. Shi kansa mutumin Faransa da ya ƙago rubutun, Louis Braille, makaho ne, aikinsa kuwa koyarwa. A 1977 aka buɗe kwalejin horon malamai ta musamman a Oyo don wannan fanni. A Kano, mutanen da shan inna ta kama su ne da kansu ke yanka ƙarfe suna haɗa kekunan guragu. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar an raba Nijeriya da ƙwayar shan inna ta asali, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, da yawansu samari ne masu neman aiki.

To, wane aiki ya dace da wa? A nan ma ana yawan kuskure, don an saba a ce makaho sai saƙar kujera, gurgu sai gyaran takalmi, kurma sai ɗinki. Sana'o'in nan ba abin raini ba ne, amma ba a kansu duniya ta ƙare ba. Hanyar da muka ga ta fi ita ce a warware aikin daki daki, a duba wane sashe ne lalurar ta taɓa. Malamin tarihi ko Hausa ko Arabiyya, yawancin aikinsa da baki ne da ƙwaƙwalwa. In makaho ne, abu biyu za su ba shi wuya, rubutu a allo da duba littattafan yara. Sai a sa ɗalibi mai kyan rubutu ya riƙa yi masa na allo, a haɗa shi da wani malami wajen duba jarrabawa, shi kuma ya ɗauke wa wancan wasu darussa. Yanzu ma akwai kwamfuta da waya masu karanta rubutu da murya, wanda ya iya su yana rubuta wasiƙar ofis ba tare da ɗan jagora ba. Kurma kuwa ya dace da ajiyar fayiloli da lissafin kuɗi da buga takardu, muddin za a riƙa ba shi umurni a rubuce, a kuma ba shi bayanin taro a takarda. Gurgu babu aikin tebur da zai gagare shi. A dai sa shi a ƙasa, kusa da gida, kada a tura shi ƙauyen da sai an ƙetare rafi da damina. Amma kafin duk wannan, a tambayi mutumin. Shi ya fi kowa sanin abin da yake iyawa.

Kai kuma ɗan'uwa mai lalura, muna da magana da kai. Kada ka ɓoye, kada kuma ka tsaya kuka a bakin ofis. Rubuta takarda ta hannun shugabanka, ka haɗa da shaidar likita, ka faɗi abin da kake bukata a fili: aji a ƙasa, ko rage darasin la'asar, ko canji zuwa makaranta kaza. Ka ajiye kwafi. Roƙon da aka ambaci abu guda a cikinsa ya fi saurin samun amsa bisa ga doguwar takardar ƙorafi. Sa'an nan ka daina ɗaukar aikin mutum biyu don ka nuna ba ka gaza ba. Mun ga waɗanda suka yi haka, su ne farkon zuwa su ne ƙarshen tashi, ba su karɓar hutun shekara, har hawan jini ya kwantar da su. Ka karɓi hutunka, hakkinka ne. Ka kuma nemi 'yan'uwanka masu irin lalurarka da ke aiki a wasu ma'aikatu, don dabarar da za ta ɗauke ka shekara kafin ka gano, wani zai faɗa maka ita a zama guda.

Malaman ofis, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Haɗarin babur ɗaya, ko ciwon suga, ko tsufa kurum, ya isa ya mai da ɗayanmu cikin waɗanda muke magana a kansu. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Kafin a fitad da takardar canjin malamai ta gaba, a buɗe fayil ɗin kowane mai lalura, a kira shi a ji ta bakinsa. Kowane hedimasta kuma ya zaga makarantarsa tun daga bakin ƙofa har makewayi, ya ƙirga matakala nawa ke tsakanin malaminsa gurgu da allo, ya aiko mana da lissafin kafin ƙarshen zangon nan.