Sikila da ƙashin kwatangwalo: abin da gwajin aure bai magance ba

Tun da Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a shekarar 2024, kusan duk maganar sikila a Arewa ta koma kan AS da SS kafin ɗaurin aure. Gwajin yana da amfani, amma yana kare waɗanda ba a haifa ba ne. A Najeriya ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da sikila duk shekara, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka girma, ƙashi ne ke fara kayar da su.

Kan ƙashin cinya, wanda ke zaune cikin kwatangwalo, ƙananan jijiyoyi ne ke kai masa jini. Idan ƙwayoyin jini masu siffar lauje suka toshe su, ƙashin yakan mutu a hankali, daga baya ya lotsa. Alamar farko ciwo ne a matsematsi ko a cinya, wani lokaci ma a gwiwa, wanda ke ƙaruwa da tafiya, sai ɗingishi. Ya bambanta da ciwon rikicin sikila da aka saba, wanda ke tashi ya lafa cikin kwanaki. Wannan ba ya tafiya.

A ƙauyukan Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua, sau da yawa wajen maɗori ake fara zuwa, ko a ce sanyin ƙashi ne. Ɗori ba ya mayar wa ƙashi jini. Sannan ga allurar pentazocine da wasu ke saya a kyamis, wadda ke kama jiki har mutum ya kasa rabuwa da ita, da diclofenac na kullum, mai illa ga ƙodar da sikila ta riga ta raunana.

Daura yanzu tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, kuma hakan ya rage wa iyalai nisa. Sai dai a wannan cuta lokaci ne ke yanke hukunci. A matakin farko hoton ƙashi na X-ray yana iya fitowa lafiya lau alhali ƙashin ya fara mutuwa. Hoton MRI ne ke nunawa da wuri. Idan an gano kafin ƙashin ya lotsa, ana iya rage masa nauyi da sandunan dogarawa, a yi gashi, ko a yi ƙaramin aikin huda ƙashin. Idan ya lotsa, galibi sai sauya kwatangwalo, aiki mai tsada da ake yi a wurare irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma ƙarfen da aka sa wa matashi zai iya buƙatar sauyi nan gaba.

A ganina, kowane asibitin masu sikila a masarautar ya kamata ya riƙa duba motsin kwatangwalo a duk zuwa, ba awon jini kawai ba. Minti biyu ne.

Ku kuma iyaye, idan yaronku mai sikila ya yi makonni yana ɗingishi, ku kai shi asibiti ku ce a duba kwatangwalo, ku tambayi likita ko hydroxyurea ya dace da shi. Idan ƙashi ya kumbura da zazzaɓi, ranar za ku je, don yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga ƙashin.