Wa Zai Riƙe Hannun Wanda Ya Bar Shan Ƙwaya?

Wannan mako za mu duba wani aikin lada wanda masu yin sa kaɗan ne, watau mutum ya tsaya wa ɗan'uwansa da ya bar shaye-shaye, har ƙafarsa ta tsaya.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 1439 Hijiriyya, watau 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shan miyagun ƙwayoyi a Nijeriya. A watan Mayu na shekarar Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Hukumar NDLEA tana kame tun bayan kafa ta a 1989, Gwamnatin Kano ta kafa gidan gyaran hali a Ƙiru, ga kuma asibitin Dawanau. Amma ran da aka sallami mutum, ran nan jarrabawarsa ke farawa. Zai komo Hotoro hannu rabbana, maƙwabta na nuna shi da baki, tsofaffin abokansa kuwa suna nan a bakin lungu suna jira.

Imam Buhari ya ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah (S.A.W.) wani wanda ya sha giya, aka hukunta shi. Da wani ya yi masa mugun baki, sai Manzon Allah ya hana, don kada a taimaki Shaiɗan a kansa. To, guje wa mai tuba ma taimakon Shaiɗan ne.

Wannan aiki bai fi ƙarfin ɗan kasuwa ko ma'aikaci ba. Ka ɗauki mutum ɗaya tak. Ka sa masa ranar da za ku riƙa ganawa kowane mako, kada ka saɓa. Maimakon ka damƙa masa kuɗi, zaunar da shi a rumfarka ta 'Yankaba ko Kantin Kwari, domin Abdurrahman ɗan Aufu ma da ya isa Madina kasuwa ya ce a nuna masa. In kai ma'aikacin Sakatariyar Audu Baƙo ne, taimaka masa ya koma makaranta, ko ka tsaya masa wajen mai koyar da sana'a. Ka rufa asirinsa. Maganin asibiti kuwa aikin likita ne, naka shi ne ka raka shi ranar da aka sa masa.

In ya zame ya koma, kada ka ce hasara ka yi. Giya ma daki-daki aka haramta ta, domin Allah Ya san halin bayinSa. Ka nemo shi tun a makon, kafin kunya ta hana shi zuwa.

Allah Ya shiryi zuriyarmu, Ya sa mu dace. Wassalam.