Laifi Tudu Ne: 'Yan Hamayya Da Haƙƙin Ma'aikaci

Ran 29 ga watan Yuli na 2024 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata. Ba a kai ga haka ba sai da aka kai ruwa rana. Ƙungiyoyin ƙwadago, watau NLC da TUC, sun fara da neman Naira 615,000, gwamnati kuwa ta taya 48,000, har ran 3 ga watan Yuni ma'aikata suka shiga yajin aiki, suka kashe wutar lantarkin ƙasa baki ɗaya, suka rufe filayen jiragen sama. Tun daga lokacin 'yan hamayya ba su daina cewa an bar ma'aikaci cikin yunwa ba. Ni dai na yarda da maganarsu, amma ban yarda da su ba, kuma dalilin haka nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai, da yayyenmu da ba su daɗe da kama aikin gwamnati ba.

Mu fara ba su gaskiyarsu. A 1981, bayan yajin aikin gama-gari da Hassan Sunmonu ya shugabanta, gwamnatin Shehu Shagari ta yanke mafi ƙarancin albashi Naira 125. Kada ƙanƙantar adadin ta ba mai karatu dariya, don kuwa a canjin wancan zamani kuɗin nan ya kai kimanin dalar Amurka 200. Naira 30,000 ta 2019 ta ɗan haura dala 80. Naira 70,000 kuwa, ranar da aka sa mata hannu, ba ta cika dala 50 ba. Ashe ke nan masinjan da aka ce an ninka masa albashi fiye da biyu, a haƙiƙa rage masa aka yi. Litar man fetur da ba ta kai Naira 200 ba kafin a janye tallafi ran 29 ga watan Mayu na 2023, ta wuce Naira 1,000 cikin watan Oktoba na 2024, tsadar kaya kuma ta haura kashi 34 cikin 100 a watan Yuni na wannan shekara. Wanda ya faɗi haka bai yi wa gwamnati ƙazafi ba.

Haka nan maganar aikin yi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33 cikin 100. A 2023 sai ta sake ma'auni, ta ce duk wanda ya yi aikin neman kuɗi na sa'a guda a mako, to mai aiki ne, nan take adadin ya faɗo zuwa wajen kashi 4. An ce ma'aunin da sauran ƙasashe ke bi ke nan, ban kuwa musa ba. Amma mai digirin da ya gama bautar ƙasa ya dawo gida yana tsaron shagon cajin waya na ƙaninsa, a wannan lissafi ya sami aiki. A tambayi mahaifinsa da ya sayar da gona don karatunsa, a ji ko shi ma haka ya gani.

To, ina matsalar take? Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ran 1 ga watan Janairu na 2012 gwamnatin PDP ta Goodluck Jonathan ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga Naira 65 zuwa 141, ƙasa ta ɗauki zafi har aka sauko da ita 97. Cikin waɗanda suka fi sukar wannan mataki a lokacin har da Tinubu, yana madugun 'yan hamayya. Bayan shekara goma sha ɗaya shi ne ya zartar da abin a jawabinsa na kama mulki. Su kuma Atiku Abubakar da Peter Obi, waɗanda suka riƙa sukarsa daga baya, dukkansu sun yi alkawarin janye tallafin nan a yaƙin neman zaɓen 2023. Abin da suka ce daga bisani shi ne, da su ne da sun bi shi sannu a hankali. Mai yiwuwa ne. Amma wannan saɓani ne a kan yadda za a yi wa ma'aikaci askin, ba a kan ko za a yi masa ba.

Ku dubi kuma Kaduna. Gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta sallami malaman firamare fiye da dubu 21 bayan jarrabawar da aka yi musu a 2017. Hujjarta ita ce ba su cancanta ba, kuma don adalci sai a tuna Kaduna na cikin jihohin farko da suka biya Naira 30,000. Amma a watan Mayu na 2021, da NLC ta kira yajin aikin gargaɗi saboda korar dubban ma'aikata, gwamnan ya ba da shelar ana neman shugaban ƙungiyar, Ayuba Wabba, ruwa a jallo. A 2025 El-Rufa'i ya bar APC ya shiga sahun masu suka. Ba na hana kowa sake shawara. Tambayata kawai ita ce, ran da ya sake jam'iyya, ya sake ra'ayinsa game da 'yancin ma'aikaci na yin yajin aiki?

Inda na fi jin ciwo shi ne maganar daidaiton albashi, domin nan ne bakin kowa kan yi nauyi. A watan Agusta na 2024 Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu, wanda a lokacin ɗan jam'iyyar hamayya ne, ya gaya wa Sashen Hausa na BBC cewa abin da kan shigo hannunsa a wata ya kai Naira miliyan 21, galibi kuɗin tafiyar da ofis. Ya cancanci yabo da ya faɗa, don ba kowa ke faɗa ba. Ku raba miliyan 21 da 70,000, za ku sami 300 cif. Watau kujera ɗaya tana ɗaukar abin da leburori ɗari uku za su ciyar da iyalinsu. A zauren nan akwai 'yan jam'iyyar gwamnati, akwai 'yan hamayya, kuma takardar biyansu iri ɗaya ce.

Sa'an nan dokar kanta tana da ƙofar baya. Ba ta hau kan ma'aikatar da ba ta da mutum 25 ba, ba ta kuma shafi mai aikin ɗan lokaci ko ɗan ƙodagon gona na damina ba. Yayata tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a unguwarmu, aji biyu take riƙewa, abin da ake ba ta bai kai rabin 70,000 ba, in an yi dogon hutu kuwa babu ko kwabo. Mai makarantar bai karya doka ba, malamansa goma sha biyu ne. Irinta su ne mafi yawa, tun da hukumar ƙididdigar nan da kanta ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba su da aikin da ke cikin rajista. Har waɗanda dokar ta rufe ma ba su tsira ba: a Abuja, ƙarƙashin hancin Gwamnatin Tarayya, malaman firamare sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 don a biya su sabon albashin. Sashe na 17 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce aiki iri ɗaya lada iri ɗaya, ba bambanci tsakanin mace da namiji, amma sashe na 6 ya hana kotu sauraron ƙara a kan babin da wannan magana take ciki. An ba da da hannun dama, an karɓe da na hagu, kuma PDP ta yi shekara 16 a kan mulki, APC ta karɓa a 2015, abin yana nan yadda yake.

Wani zai ce ai duk kanwar ja ce, a bar su kawai. A'a. Mun taɓa ganin hamayyar da ta cika baki kuma ta aikata. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta yi yaƙin zaɓen 1979 a kan soke haraji da jangali, da Abubakar Rimi ya hau a Kano, Balarabe Musa a Kaduna, sai suka soke. Gwamnatin Kano ce ta fara ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga watan Mayu a 1980, kafin Gwamnatin Tarayya ta bi sahu a 1981. Bambancinsu da na yanzu shi ne sun ambaci abin da za su yi da sunansa, ta yadda talaka zai iya kama su da bakinsu.

Dokar 2024 ta ce za a riƙa duba mafi ƙarancin albashi bayan kowace shekara uku maimakon biyar. Lissafi ya faɗa kan 2027, shekarar zaɓe, lokacin da romon baka kan yi araha. Shawarata ga ƙungiyar ɗalibanmu ita ce, duk ɗan takarar da ya nemi dandalinmu, na gwamnati ko na hamayya, kada a ba shi lasifika sai ya amsa a rubuce: zai cire iyakar mutum 25 ɗin nan? Zai goyi bayan a ba kotu ikon sauraron ƙara a kan sashe na 17? In ya taɓa riƙe jiha, wata nawa ma'aikata da 'yan fansho suka bi shi bashi ranar da ya sauka? A buga amsoshin a mujallar nan, kowa da sunansa, wanda ya ƙi amsawa kuma a bar masa gurbinsa fari.