Jami'a da Ɗalibi Magidanci a Ƙasar Haɗejiya

Tun da aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa a shekarar 2013, wadda a yau ake kira Jami'ar Sule Lamiɗo, masarautar Haɗejiya ta sami jami'a a ƙofar gida. Sai dai tsarin shigarta, kamar na sauran jami'o'inmu, an ɗinka shi ne daidai wuyan matashin da ya gama sakandare, mai sakamakon JAMB a hannu, wanda bai ɗauki nauyin kowa ba. Magidancin da ke noman shinkafa a Auyo, da dillalin kifi a kasuwar Haɗejiya, tsarin bai san da zamansu ba.

Ra'ayina shi ne, jami'ar da ke son waɗannan mutane wajibi ne ta bi kalandar kogi. A watannin Agusta da Satumba ruwa kan cika fadama, wata shekarar ya yanke hanyoyi, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. Da kaka girbi ne, da sanyi kuma noman rani. Wanda abincin gidansa ya rataya a kan waɗannan lokuta ba zai zauna zango mai wata huɗu cur ba. Abin da zai iya shi ne gajerun kwasa-kwasai na 'yan makonni, a cibiyoyi kusa da shi, ana tara masa makin har ya kai ga shaida, a kuma karɓi kuɗin makaranta kashi-kashi bayan girbi.

Sannan a ƙidaya ilimin da ya zo da shi. Masuncin da ya ga yadda madatsar Tiga (1974) da ta Challawa (1992) suka sauya tafiyar ruwa, ya kuma ga kacalla ta toshe magudanai, yana da sanin da ɗalibin aji huɗu ba shi da shi. Haka mahaddacin da ke rubutu da ajami. A nan ne aiki ya hau kan sassan Hausa: tsara jarrabawar tantance irin wannan sani, da rubuta littattafan share fage da Hausa, da taskace kalmomin su da na fadama daga bakin masu su.

Za a ce wannan sassauta ma'auni ne. Ma'aunin da ya kamata a tsare shi ne na fita, wato abin da ɗalibi ya iya ranar da za a ba shi shaida. Faɗaɗa ƙofar shiga ba ya taɓa shi.

Ba baƙon abu muke nema ba. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya a tsohuwar Jihar Kano, lokacin Haɗejiya tana cikinta, aka kai aji unguwanni da ƙauyuka, manya suka koyi karatu da rubutu. Abin da ya rage shi ne a shimfiɗa hanya daga wancan aji zuwa zauren jami'a, kuma malaman Hausa su ne suka fi cancanta su kai wannan magana gaban majalisun jami'o'insu.