Ku Ɗauko Yara, Mu Je Gidajen Magabata!

'Yan'uwa maza da mata, ku laluba aljihu. Ku ciro naira ashirin, ku nuna wa yaron da ke kusa da ku. Ku ce masa, wane ne wannan? In ya ce Murtala, ku sa masa albarka. Sannan ku ƙara: me ya yi wa ƙasar nan? Nan za ku ji tsit. Kada ku yi masa faɗa. Laifin namu ne. Ba mu kai shi ya gani ba.

To, mu kai shi!

Mu fara da Bauchi. A can Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yake kwance, Firayim Ministan da ya karɓi 'yancin Najeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960. Malamin makaranta ne, marubucin Shaihu Umar, mai muryar zinariya. An kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. A 1979 aka buɗe ginin tunawa da ya kewaye kabarinsa.

Ku shiga ginin nan da ƙafarku. Za ku fara da wani lungu mai duhu, bango dama, bango hagu. Yaro zai matso ya riƙe hannunku. Ku faɗa masa duhun nan na zamanin mulkin mallaka ne. Ku ci gaba da tafiya. Haske zai soma ratsowa kaɗan-kaɗan. Sai ku ɓulla wani fili, babu rufi, sama kawai. Ga kabarin nan a ƙasa. Ba ado, ba ƙyale-ƙyale. Mutumin da ya riƙe gwamnatin ƙasa sukutum ke nan. Ku tsaya. Ku yi masa addu'a. Ku bar yaron ya kalla har ya ƙoshi, sannan ku kai shi ɗakin da aka ajiye kayan marigayin. Ba sai kun yi masa dogon wa'azi kan riƙon amana ba. Gani ya kori ji.

Ku je Kaduna! A kan titin Rabah akwai Arewa House, gidan Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. A harabar nan aka kashe shi tare da matarsa Hafsatu, ranar 15 ga Janairu, 1966. Yau gidan cibiyar binciken tarihi ce a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, cike da hotuna da tsofaffin takardu. Mutum nawa ne ke wucewa ta ƙofar nan kullum, a Keke Napep ko a ƙafa, ba su taɓa leƙawa ba? Kai mai karanta wannan, tsakani da Allah, ka taɓa?

Ku je Kano! A Gwammaja akwai gidan Mambayya. Malam Aminu Kano bai yi shugaban ƙasa ba, amma ya shugabanci zukatan talakawa tun daga jam'iyyar NEPU har PRP. A gidan nan ya zauna, a nan aka binne shi a 1983. Ku ga ɗakinsa, ku auna shi da gidajen wasu kansiloli na yau. Ni dai ban ce komai ba.

Kai ɗan kasuwa mai zuwa Legas saro kaya, ka ware awa biyu. Ka nufi Onikan, gidan adana kayan tarihi na ƙasa. Baƙar Marsandin Janar Murtala na nan, wadda aka harbe shi a ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Ramukan harsashi na nan a jikinta. Wata shida da 'yan kwanaki ya yi a kan mulki, amma a cikinsu aka yanke shawarar mayar da babban birni Abuja. Ka gani, ka dawo gida ka ba da labari.

Kada wani ya ce ba kuɗi. Kuɗin ankon biki guda ya isa kai yara uku wurin da ya fi kusa da ku.

Malaman makaranta, ku sa ziyarar nan cikin tsarin zangon karatu. Iyaye, in an ce a kawo kuɗin mota, ku bayar da daɗin rai. Ƙungiyoyin matasa, ku yi karo-karo, ku ɗauki shatar bas guda. Direbobi, ku sassauta wa 'yan makaranta. Iyayenmu mata, kada a bar ku a gida, ku yafa mayafi ku shige gaba. Masu waya, ku nemi izini ku ɗauki hoto, ku tura wa dangi.

Ku kuma dattawa, ku da kuka ga mutanen nan da idonku, ku buɗe tsohuwar adaka. Akwai hoto? Akwai wasiƙa? Akwai katin jam'iyya? Kada ku bar wa gara. Ku kai cibiyoyin nan a adana. Ku zaunar da jikoki, ku yi magana, su naɗa a waya.

In kun je kun tarar da rufi na yoyo ko ciyawa ta cinye harabar, kada ku yi tsaki ku juya. Ku rubuta a littafin baƙi. Ku kira gidan rediyo. Ku tare ɗan majalisarku ku faɗa masa ido da ido.

Ku tashi! Bauchi ce, Kaduna ce, ko Gwammaja? Ku zaɓa yau. Ku tambayi ranakun buɗewa, ku sa rana, ku faɗa wa yara tun kafin su kwanta. Su da kansu ba za su bar ku ku manta ba.